Baba Mai Layi da Cacar da Ba Ta Cuta

A tashar motocin haya da ke bayan babbar kasuwa akwai wani benci a gefen ƙofar shiga, ƙarƙashin 'yar rumfar kwano. Ƙafarsa ɗaya ta karye tun tuni, an tokare ta da bulo. A kan wannan benci wani dattijo ya ƙarar da mafi yawan rayuwarsa. Baba Mai Layi kowa ke ce masa, direbobi da fasinjoji da masu talla, har matarsa in ta so tsokana.

Aikinsa ba mai wuyar faɗi ba ne. Mota ta shigo, ya gan ta, ya ajiye ta a ransa bayan wadda ta riga ta. In ta gaba ta cika ta tashi, sai ya ɗaga murya ya kira mai bi mata. Ba ya rubutu, don karatun nasa bai wuce haɗa lambar mota ba. Ido ne da ƙwaƙwalwa kawai.

Ba da wannan ya fara ba. Yaron mota ne da farko, yana ɗora kaya yana kiran fasinja. Ya koyi tuƙi, har aka ba shi makulli, amma bai daɗe da shi ba. In ya tarar da mota a gabansa ba ya iya wuce ta, ko da kuwa tana rarrafe, yana ganin kamar rashin kunya ne. Maigidansa ya gaji ya ce, "Kai ba direba ba ne, ɗan rakiya ne." Ya karɓe makullinsa.

A lokacin tashar ba ta da tsari. Mai ƙarfi da mai baki su ke fara lodi. Wata rana wasu direbobi biyu suka kaure a kan wanda ya riga shigowa, ɗaya ya zaro sipana, ɗaya ya ɗauko jak. Shi kuwa yana zaune bakin ƙofa, ba aiki, sai ya ce a hankali, "Shuɗiyar ce ta riga. Na gani." Da yake ba shi da mota kuma ba shi da uban gida, aka yarda. Kashegari aka sake tambayarsa, jibi ma haka. Daga baya aka kawo masa benci.

Dokokinsa kaɗan ne, kuma bai taɓa canza su ba. Mota tana shiga layi ne in gabanta ya haye kwalbatin bakin ƙofa, ba in direba ya yi hon daga titi ba. Wanda zai je wanki ko gyaran taya, in ya faɗa masa, wurinsa na nan. Wanda ya fice bai ce komai ba, ya koma baya, ko da tun asuba yake jira. Ƙanin matarsa ya taɓa sayen mota ya shigo tashar, yana tsammanin ya samu gata. Da ya ga ba sauƙi, ya kai ƙara wurin yayarsa. Ta yi kwanaki tana ajiye wa mijin abinci ba tare da ta ce ga shi ba. Bai yi musu da ita ba, bai kuma matsar da ƙanin ko taku ɗaya ba.

In sabon direba ya ƙosa, yana zagaye motarsa yana tsaki, Baba kan ce masa, "Zauna, ɗana. Na ga shigowarka. Duk wanda ya jira, zan kira shi." Da wannan magana ya aurar da 'ya'ya, ya rufa ɗakuna biyu da kwano.

Sai idon ya fara hazo. Da farko ya ɗora laifin a kan hayaƙin motoci. Daga baya lambobi suka daina rabuwa da juna, sai launi da ƙarar inji yake bi. Ran nan wasu fararen motoci iri ɗaya suka shigo a jere, ya kira ta baya kafin ta gaba. Direban da aka tsallake bai yi faɗa ba. Ya zo ne ya durƙusa gaban bencin ya ce, "Baba, lafiya kuwa?" Wannan ya fi zagi yi masa ciwo.

Da abin ya sake faruwa, ciyaman ɗin tashar ya kira shi ofis, ya rufe ƙofa, ya zuba masa ruwa a kofi.

"Baba, ba wanda ke son taɓa bencinka. Amma direbobi sun fara magana. Ka je a duba idon nan. In an gyara, wurinka na nan. In kuwa abin ya ja lokaci, dole mu sa wani da takarda da biro."

Likita ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, kuma aiki ne kawai maganinta. Abin da Baba ya tara zai ishi ido ɗaya, har da ɗan saura. Matarsa ta ce a yi ɗayan, Allah zai kawo na biyun. Shi kuwa ya ƙi. Mai ido ɗaya, in ji shi, ba ya gane wadda ta riga haye kwalbati in motoci biyu suka kunno kai tare. Biyun yake so.

A tashar akwai wani direba da ake kira Ba Birki, mutum mai iyali, mai fara'a, wanda bakinsa ya fi motarsa gudu. Kullum in yana jiran lodi, kansa na kan waya. Wata rana da tsakar rana, tasha ta yi tsit, ya zo ya zauna a ƙarshen bencin, ya yi wani ihu har Baba ya zabura.

"Kai, wa ya mutu?"

"Ba mutuwa, Baba, kore ne! Kore ya fito!"

Ya matso da wayar kusa da hancin dattijon. Wasa ne na jefa ƙwaya, irin ta lido, amma a cikin waya, kuma da kuɗin intanet ɗin nan da ake kira kirifto ake yin sa. Mutum ya zaɓi sama ko ƙasa, ya sa abin da zai sa, ya danna. In kore ya fito ya ci, in ja ya fito an cinye shi.

"Caca ke nan," in ji Baba, ya kau da kai.

"Haba Baba, cacar da ka sani ta bayan gareji ce, inda ake ɓoye kati a hannun riga. Wannan irinka ce. Ba ta cuta, ba ta ma iya cuta. Kafin ka jefa, sun riga sun kulle lambarsu ta sirri, sun nuna maka hatiminta. Kai ma ka sa taka lambar a gauraya. In an gama, ka buɗe ka gwada da kanka, ko sun taɓa ko ba su taɓa ba. Ko mai wasan bai isa ya matsar da kowa ba."

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta tsaya wa dattijon a rai. Ya ce, "Wato ba a yi wa kowa alfarma?"

"Ko uwar mai shi ce ta zo."

"Kuma wanda ya jira, nasa zai zo?"

A daidai nan aka ƙwala wa Ba Birki kira, motarsa ta cika. Ya miƙe yana kakkaɓe wando, ya ce, "Sosai ma, Baba! Ai dole kore ya zo."

Baba ya kwana biyu yana juya maganar. Ya san sunan abin, kuma ya san abin da aka ce game da shi tun yana yaro. Amma ya riƙa gaya wa kansa cewa abin da ya ɓata caca shi ne zalunci da cin amana, ga kuma wata da aka cire mata su. A saninsa, duk wurin da ba a cuta, to wuri ne da ake kiran mutum in lokacinsa ya yi. Bai taɓa ganin wurin gaskiya da ba haka yake ba.

Ba Birki ne ya buɗe masa asusu a wayar da 'yarsa ta saya masa, ya canza masa ɗan sauran nan zuwa kirifto, ya nuna masa inda ake dannawa. Rubutun ba ya ganuwa gare shi, amma ja da kore suna ratsa hazon. Kullum in rana ta take, motoci sun lafa, sai ya ciro wayar ya kai ta dab da fuska. A farko kore ya riƙa leƙowa, jefi-jefi. Bai yi murna ba, bai yi ihu ba. Ya gyaɗa kai ne kawai, kamar yadda yake yi in direba ya shigo a kan lokaci.

Sai ja ya fara zuwa a jere. Wani zai tsorata, shi kuwa hankalinsa ƙara kwanciya ya yi. Ya san wannan yanayi. Yawan jira alama ce ta kusantar gaba. Kowane ja, a wurinsa, mota ce da ta cika ta tashi, ta rage masa waɗanda ke gabansa. Saboda haka ya riƙa ƙara abin da yake sawa, don kada kiransa ya zo ya same shi da ɗan kaɗan. Da sauran ya ƙare, ya sa Ba Birki ya canza masa wani abu daga kuɗin ido na farko.

Ba Birki ya ɗan sosa ƙeya. "Baba, ko za ka huta kwana biyu? Ni in ta yi mini haka, rufewa nake."

"Shi ya sa kullum kake baya. Mutum ya jira tun safe, sai da ya kusa gaba zai fice?"

In zai je salla, ba ya rufe wasan. Yakan miƙa wa Ba Birki wayar ya ce, "Riƙe mini wurina, yanzu zan dawo." Ba Birki ya yi dariya ran farko, yana tsammanin raha ce. Da ya ga fuskar dattijon, dariyar ta tsaya.

Kore yakan zo, ba wai ba ya zuwa ba. Amma yakan zo a kan ƙaramin jifa, ya ɓace a kan babba, ba tsari, ba kunya. Baba ya fara zargi. Bai zargi kansa ba, bai kuma zargi ƙa'idar ba. Ya yanke cewa akwai mai tsallake layi. Wani ne a can ciki yake karɓar na goro yana shigar da mutanensa. Ya tuna an ce ana iya buɗewa a gwada, don haka ranar hutunsa ya sa hularsa ya nufi wurin autarsa.

Auta tana aiki a wani shagon sayar da waya, wani ɗan siririn ɗaki mai gilashi a gaba, caja da murafu rataye har rufi, fanka tana juyawa tana kaɗa su. Ta ga mahaifinta a ƙofa yana lalube da ƙafa, ta fito da sauri ta kama hannunsa.

"Baba, kai kaɗai? Me ya sa ba ka kira ni ba?"

"Ƙara na kawo."

Ta zaunar da shi a kujerar roba bayan kanta. Ya ba ta wayar, ya yi mata bayani tun daga farko, a tsanake, yadda yake yi wa ciyaman bayanin rikici. Tana sauraro tana duba wayar. Da ta kai inda abin da ya rage yake, sai ta ajiye ta a kan gilashi, ta rufe bakinta da hannu.

"Kuɗin idon ne, Baba?"

"Ba wannan na tambaye ki ba. An ce ana gwadawa. Gwada mini. In na kama inda suka tsallake ni, ki rubuta musu."

Ba ta yi gardama ba, don ta san shi. Ta buɗe lambar sirrin, ta riƙa ɗaukar jifa ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa da hatimin da suka bayar tun farko. Mai saye ya shigo neman caja, ta sallame shi ta dawo. Ta daɗe a kai. Shi kuwa yana zaune, hannuwa a kan gwiwa, yana jiran hukunci.

"Baba, duk sun yi daidai. Ba a taɓa ko ɗaya ba."

"Sake dubawa."

"Na duba manyan sau biyu. Ba wanda ya cuce ka."

"To wa ya shiga gabana?"

Ta juyo da kujerarta ta fuskance shi. "Ba kowa. Babu gaba, Baba, babu baya. Babu layin ma gaba ɗaya."

"Kamar yaya babu? Wurin da ba a cuta?"

"Ƙwayar ba ta san ka jira ba. Duk jifa sabo ne. Wanda ya yi wata yana ganin ja, da wanda ya shigo yanzu, daidai suke a wurinta. Ba ta ga shigowarka ba, ba za ta ga fitarka ba."

Fanka na ta kaɗa cajoji. Can ya ce, "To gaskiyar mece ce suke taƙama da ita?"

"Cewa ba su canza lamba bayan ka danna. Iyakarta ke nan, kuma sun cika ta. Ba su ce za ka ci ba. Kuma ko ka ci, akwai ɗan abin da suke ragewa, a fili, an rubuta shi a ƙasa. Mutum in ya daɗe, wannan ɗan abin ne ke cinye shi."

"Kamashonsu."

"Kamashonsu, Baba."

"Wannan na gane," in ji shi. "Kowace tasha da nata." Ya shafa gemu. "Amma a ce mutum ya zauna tun safe, a bai wa wanda ya zo yanzu, kuma a ce an yi gaskiya. Ni da na yi haka ko sau ɗaya da gangan, da tuni an fasa mini kai."

"Kai mutum ne, Baba. Kana tunawa."

Ta nuna masa inda ake danna fitar da abin da ya rage. Ta riƙe yatsansa ta kai wurin, amma ba ta danna masa ba. Yatsan ya tsaya a sama. Duk da abin da ya ji, jikinsa bai yarda ba. Wani abu a ƙirjinsa na ce masa saura ƙiris, kiran na gaba nasa ne.

"Auta, in na fita yanzu, kin tabbata ba abin da na bari?"

"Ba abin da ka bari sai abin da ya riga ya tafi."

Ya danna.

Abin da ya dawo bai kai na ido ɗaya ba. A gida ya tarar da matarsa a tsakar gida tana ninke wanki. Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki ya faɗa mata duka, bai rage ba. Ta ci gaba da ninkewa har ta gama da zanen da ke hannunta.

"Yanzu kai, da ƙanina ya roƙe ka taku ɗaya ka hana, waya ka je kana yi wa biyayya?"

"An ce mini ba ta cuta."

"Rijiya ma ba ta cuta, malam. Ba ta taɓa bin kowa gida ba." Ta ɗauki kwandon ta shige. Daga ciki ya ji ta ce, "Ruwan wankanka na bayi, kada ya huce."

Kashegari bai jira a kira shi ba. Ya shiga ofishin ciyaman ya ce aikin idon zai ja lokaci, kuma laifin nasa ne, ba na likita ba. Ya ce ba zai zauna yana kiran motocin da ba ya gani ba. Ciyaman ya so ya ba shi haƙuri, ya ce a ƙara ɗan lokaci. Baba ya ce a'a, ɗan lokacin nan hakkin direban da za a tsallake ne. Aka sa wani tsohon ɗan kamasho a bencin, da littafi da biro a bayan kunne.

Ba Birki ya zo gida da yamma, ya tsaya a zaure yana murza makulli. "Baba, wallahi ban san haka ka ɗauki maganata ba."

"Na tambaye ka, ka ce sosai ma."

"Motata ce ta cika, Baba. Ko cewa ka yi in ba ka ita, sosai ma zan ce."

Dattijon ya yi dariya, karo na farko tun daga shagon Auta. Ya ce a kawo wa baƙo ruwa. Da Ba Birki zai tafi, ya tambaye shi ko har yanzu yana yi. Ya ce kaɗan-kaɗan. Baba bai yi masa wa'azi ba. Ya ce kawai, "To ka sani ba kowa a ƙofar da ke ganin shigowarka."

Sai da damina ta wuce kafin 'ya'yan suka haɗa abin da ya cike na ido ɗaya. Aka yi na dama. Da aka cire bandeji, ya koma tasha da sassafe, ya tsaya nesa kaɗan yana kallo. Sabon mai layin yana aikinsa daidai. Yana da tsawa, yana kuma yawan lasar yatsa kafin ya buɗe shafi, amma bai tsallake kowa ba. Direbobi sun saba da shi. Baba ya kalli motoci da dama suna shiga suna fita, bai ga kuskure ba, ya juya ya nufi ofis.

Ciyaman ya rasa inda zai sa idonsa. Baba ya sauƙaƙa masa, ya ce bai zo karɓar benci ba, mutumin yana riƙe da shi da kyau. In akwai wani abin da mai ido ɗaya zai iya, yana so.

Akwai ɗakin saƙo a can ƙarshen tashar, inda ake ajiye kayan da mutane ke aikawa ta hannun direbobi. Wanda ke wurin ya bar aiki. Ɗaki ne mai taga ɗaya, cike da kwalaye da buhuna da ƙullin leda. A nan Baba yake yanzu. Mai kaya ya zo ya faɗi abin da aka aiko masa, dattijon ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya bi kantoci a hankali da na dama har ya samo. Albashin bai kai na da ba, kuma ba mai durƙusa masa. Ran da ya fara, wata mata ta zo karɓar keken ɗinki da aka aiko mata a kwali, ta ga yana fama da nauyinsa shi kaɗai.

"Baba, bari in kira wani ya taya ka."

"Kama can gefen, 'yata," in ji shi. "Mu biyu mun isa."